Shekarun Kundi a Samaru

Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Zariya lokacin da na koma Jami'ar Ahmadu Bello neman digiri na biyu, a shekarar 2011. 'Ya'yana uku a lokacin, ƙaramin ko yaye shi ban yi ba. Gidan haya muke zaune a Samaru, ciki biyu da falo, tsakar gida ɗaya da maƙwabta, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Duk wanda na gaya wa na koma karatu sai ya dube ni, ya dubi yaron da ke goye a bayana, ya ce Allah ya taimaka. Addu'ar kuwa ta karɓu, amma ta hannun mutane taimakon ya zo, kuma su nake yawan tunawa yanzu, fiye da yadda nake tuna abin da ke cikin kundin.

Shekarar shiga aji ba ta ba ni wahala sosai ba. Akwai lokacin lacca, akwai ranar jarrabawa, wani ne ya tsara maka, kai dai ka bi. Rubutun kundi shi ne wani abu daban. Babu ƙararrawar da za a kaɗa, babu mai tambayarka yau me ka rubuta. In ka bar shi mako ɗaya, sai ya bar ka wata guda.

Na zaɓi yin nazari a kan wasiƙun da masu karatu suka riƙa aika wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. A nan Zariya aka fara buga ta, a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, bayan ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Abin da ya ja hankalina shi ne su wane ne waɗannan mutanen da suka zauna suka ɗauki alƙalami, a zamanin da masu iya rubutun boko a ƙauye ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Malaman elementare ne, da ma'aikatan En'e, da akawuna, da 'yan kasuwa, da sojojin da yaƙi ya raba da gida. Wasu ƙorafi suke yi, wasu tambaya, wasu gyara suke yi wa wanda ya yi rubutu kafin su. Na so in gano yadda Bahaushe ya fara koyon yi wa jama'ar da bai taɓa gani ba magana a kan takarda, da irin ladabin da ya ɗauko daga zaure da fada ya shigo da shi cikin jarida.

Lokacin rubutuna ƙarfe ukun dare ne. Ba ni na zaɓe shi ba, shi kaɗai ne ya rage. Nakan tashi in yi alwala, in kunna fitila 'yar caji, in ɗora faranti a kan cinya in shimfiɗa dogayen takardu, domin teburin gidan littattafan yara ne a kai. Da hannu nake rubutawa. Samaru a wannan lokaci tsit take, sai haushin kare daga nesa, sai tarin wani maƙwabci ta bayan bango. In sanyin hunturu ya sauko, yatsu sukan ƙi riƙe biro sai na hura musu iska. Ina nan har ladan ya yi kiran farko, sannan in san saura kaɗan. Da an yi assalatu sai in haɗa takardun in cusa ƙarƙashin katifa, inda hannun yaro ba zai kai ba. Daga nan ranar ta zama ta wasu: dama kunu, aiken ƙosai, wankan yara, neman safar da ta ɓata, tsayawa bakin titi jiran bas. Ƙarfe takwas ina gaban allo ina koya wa 'yan aji shida karin sauti da tsarin jimla, da yamma kuma ga littattafansu jibge suna jiran maki.

Wata uku da fara rubutun, uwar mijina ta zo daga ƙauye ganin jikoki, ta ga yadda gidan yake tafiya. Ba ta ce komai ba sai da ta kwana biyu tana kallo. Ranar na dawo daga makaranta na tarar ta baje buhunta a tsakar gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, zogale busasshe. Ta ce, "'Yar nan, zo ki zauna. Wannan girkin da kike yi kullum daga tushe, shi zai kashe ki kafin karatun." Na ce, "To Inna, ya zan yi?" Ta ce, "Asabar ai taki ce."

Ita ta sake wa madafina tsari. Ranar Asabar mukan surfa masarar mako a kai inji, a shanya garin ya bushe sarai. A gyara wake, a raba shi gida biyu, na dafawa da na garin ɗanwake. A daka yaji mai daddawa a cika kwalba. A soya jajjagen tumatir da tattasai da albasa har ruwansa ya ƙone, mai ya taso a kai, ta yadda zai yi kwanaki ko babu wuta, in dai ana ɗumama shi safe da yamma. Da wannan shirin, tuwo da miyar kuka ba ya cin rabin lokacin da yake ci a da. Ɗanwake kuwa, kafin yara su gama cire kayan makaranta ya taso a saman tukunya. Ran da aka samu rama ko alayyafo mai kyau a kasuwar Samaru sai a yi faten tsaki, wanda duk Bazazzagi ya san ba ya buƙatar nama kafin ya yi daɗi. Inna ba ta yarda da taliyar leda ba ko kaɗan. In ta ga na ɗauko don in sallami yara da sauri sai ta karɓe, ta ce wannan ba ya riƙe cikin ɗan makaranta, ta kwaɗa musu zogale da ƙuliƙuli.

Har yau raina yakan sosu in na ji masu ilimi suna maganar girki kamar wani abu ne da ke tare wa mace hanyar ci gaba, a kawar da shi kawai. Girki ilimi ne mai lissafi, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ta fi ni saninsa. Sa'o'in da na samu na zauna a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, daga cikin wannan lissafin nata suka fito.

Akwai kuma Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu mai sayar da awara a ƙofar gida. Ran da nake da ganawa da malamin da ke duba aikina, ita take karɓar ƙaramin ta goya, tana suya yana barci a bayanta. Ban taɓa roƙonta ba. Da ta gan ni da jaka da mayafin fita sai ta miƙo hannu ta ce, "Malama, kawo shi." Na sha dawowa bayan magariba in tarar ta ciyar da duka ukun, har ta rufa mini nawa a kwano.

Maigida shi ya ɗauki bugawa. Yana da tsohuwar kwamfuta ta ofis, in an kawo wuta ko ƙarfe nawa ne sai ya tashi ya zauna, yana karanta rubutun hannuna yana bugawa da yatsa biyu. Wahalar da ba zan manta ba ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. A lokacin, da salon rubutun Rabi'at muke amfani, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro don a samu ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta. A gida komai yakan fito daidai, amma in ka kai shagon buga takardu da ba su da shi, sai duk haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Sai muka koyi ɗaukar salon a filashi tare da babin, a fara saka shi a kwamfutar shagon kafin a buga. Maigida yakan tsaya a kan yaron shagon yana duba shafi-shafi, ni kuma ina gida ina tuƙa tuwo.

Malamina mutum ne mai kaifin ido, jan biro ba ya barin aljihunsa. Tambayarsa ɗaya ce kullum a gefen shafi: wa ya faɗa, ina hujja? Babin bitar ayyukan da suka gabata ya dawo mini ja wur, na sake, ya kuma dawowa. Ya taɓa ce mini, "Malama, kin karanta wasiƙun nan da zuciya, yanzu ki koma ki karanta su da ido." Na yi kwanaki ina juya maganar kafin in gane abin da yake so: in daina yabon marubutan, in nuna yadda suke gina gaisuwa, da inda suke saka karin magana, da yadda suke kauce wa ambaton mai sarauta kai tsaye in za su yi suka.

Jiki kuwa ya fara kawo ƙara a shekara ta biyu. Baya ya riƙe saboda sunkuyo, ciwon kai ba ya sauka, ƙafa tana kumbura. Da na je asibiti likita ya auna ya ce jinina ya fara hawa. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, sannan ya tambaye ni ko ina motsa jiki. Na lissafa masa jan ruwa a rijiya da shara da wanki da tsayuwa gaban allo. Ya ce duk aiki ne, amma yana so in riƙa tafiya da sauri, rabin awa, ba da kaya a kai ba, ba da yaro a baya ba.

Ba ƙaramin abu ba ne matar aure ta fita bayan la'asar ba unguwa za ta ba, ba kasuwa ba, tafiya kawai. Mutane suna da baki. Maigida ne ya riƙa raka ni da farko, har ido ya saba. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya da ke layinmu ta biyo ni, sai Maman 'Yan Biyu ita ma ta ce gwiwa tana damunta. Mukan saka hijabi da takalmin kambas, mu tsallaka titi mu shiga jami'a ta babbar ƙofa, mu wuce dogon benen hukumar gudanarwa, mu miƙe har wajen dam, mu juyo. Da damina ciyawa ta yi kore shar, iska tana kaɗawa daga kan ruwa. Da hunturu kuma ƙura takan rufe saman benen, leɓe ya tsage, mu dawo ƙafa fari fat. Muna tafe muna hirar kuɗin makaranta da tsadar kananzir, wadda ta addabi kowa tun bayan tashin farashin mai na Janairun 2012. A wannan tafiyar ce abubuwan da suka cije mini a rubutu suke warwarewa. Sakin layin da na kwana ina kokawa da shi sai ya zo mini a shirye, in riƙe shi a ka ina maimaitawa har mu iso gida in rubuta a bayan ambulan.

A watan Yulin 2013 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Azumi ya kama a cikin wannan Yulin, dogon hutun makarantarmu ya biyo baya. A wannan tsakanin na samu damar zuwa Kaduna neman tsofaffin takardu. Nakan hau mota a Kwangila da sassafe, in sauka in nufi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wani lokaci kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970. Takardun sun yi ja don tsufa, gefensu yana marmashewa, sai ka ɗaga shafi da tafin hannu biyu. Ina zaune da ƙishirwar azumi ina kwafe maganar mutumin da ya rubuta ta shekara saba'in da suka wuce, wataƙila shi ma bayan ya tashi daga aiki, wataƙila shi ma da fitila. Nakan dawo Samaru dab da shan ruwa in tarar babbar 'yata, wadda ba ta wuce shekara goma ba, ta tace kunun tsamiya tare da Inna, ta jera kofuna a kan tabarma. Abin yakan faranta mini rai, yakan kuma taɓa mini zuciya, domin na san sa'o'inta suna waje suna 'yar gala-gala.

Shi ya sa ba na sakin jiki da masu cewa sirrin duk yana cikin iya tsara lokaci. Jadawali na manne a bangon ɗakina, amma bai taɓa goya mini yaro ba. Kowace awa da na samu, wani ne ya cire ta daga cikin tasa ranar ya ba ni. Zumunci ma ya biya nasa kason: bukukuwa da sunaye da yawa sun wuce ban leƙa ba, 'yan uwa wasu sun yi uzuri, wasu sun yi fushi, sai daga baya na bi gida-gida ina ba da haƙuri.

Na kare kundin a 2014, gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. A shafin godiya na rubuta Inna da Maman 'Yan Biyu kafin kowa, maigida ya karanta musu da babbar murya a tsakar gida, Inna tana cewa ita me ta yi. Bayan shekara biyu muka tashi daga gidan, muka koma namu mai katanga da famfo da firji, inda ba na jin tarin maƙwabci, kuma babu mai miƙo hannu ya karɓi yaro ba a roƙe shi ba. Tafiyar la'asar dai ban daina ba, jinin kuma ya daidaita.

Bara wata ƙaramar malama a makarantarmu ta fara nata kundin, da goyo da yayansa. Ranar Asabar da safe takan sauke mini su biyun ta wuce ɗakin karatu, sai bayan la'asar ta dawo ɗaukarsu. Na koya mata soya jajjagen mako, na kuma ce ta je a auna jininta tun kafin ta kai babi na uku.