Littafin da Ba Shi da Bango

Jiya ina zazzage adakar marigayiya Inna, can ƙasa, tsakanin wani tsohon saƙi da tandun kwalli, sai ga gafakata. Ita ta ɗinka mini ita da ƙyallen buhu a 1976, shekarar da mai unguwa ya bi gida-gida yana rubuta yara zuwa boko. Na kai ta hanci. Har yau da sauran ƙanshin alli da ƙuli-ƙuli.

Wai ni ne yaron nan? Mai gajeren wando ruwan ƙasa, ƙafa duk faso, yana ratsa gonakin gero a wani ƙauye kusa da Gantsa, raɓa tana jiƙa masa ƙwauri, kwabo ɗaya a ƙulle a bakin riga, kunnensa yana can wajen tsohon wilin motar da aka rataya a darbejiya, wanda in monita ya maka masa ƙarfe har masu ɗiban ruwa a rijiya sai sun ɗago kai. Lokacin Kano ce jiharmu, Birnin Kudu kuwa nan duniya ta ƙare.

Littattafai ba su ishe mu ba. Ka Koyi Karatu guda ɗaya, daga Zariya aka bugo shi, mu shida muke kewaye shi a kan tabarma, wanda ya zauna ta gaba sai ya fara sanin baƙaƙe a juye. Ranar Alhamis malam yakan karanto mana Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ya ɗaga hoton aku mu yi ta leƙe. Amma wanda ya zauna mini a rai wani ne daban, wanda gara ta cinye bangonsa, ba mai sanin sunansa. A tsakiyarsa akwai zanen wani yaro da ya makara, yana sheƙa gudu, hularsa ta tashi sama, akuya ta biyo shi da takardarsa a baki. Shafin ya yi baƙi don yawan yatsu, da ɗigon man ƙosai daidai gemun akuyar.

Rubutun da ke ƙasan hoton ya fi ƙarfinmu, sai muka yi masa waƙa. 'Yan mata suka ba da kari irin na gaɗa, da tafi, mu kuma muna dukan allunanmu da gindin fensir. Kullum waƙar tana ƙara tsawo, don duk wanda ya makara, ko ya yi gyangyaɗi har kansa ya bugi bango, ko tawada ta zube masa a cinya, sai ya shiga cikinta. Ba wanda ya taɓa fushi. Rashin jin sunanka ma shi ke sa ka tura baki.

Wata rana da hantsi muna tsakiyar yi, ashe malam yana tsaye bakin taga. Aji ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya. Ya shigo, ya ajiye tsumagiyarsa a kan tebur, ya ce, "Ku maimaita, yara." Muka maimaita da rawar murya. Sai muka ga kafaɗunsa suna girgiza, ya sa hannun riga yana share hawaye. Ya ɗauki alli ya rubuta ta a allo layi-layi, ya nuna ni da yatsa, ya ce, "Kai, taso."

Na tsaya gaban allon nan da aka shafe da gawayi, ina bin farin rubutu da tsinke, bakina ya riga ya san abin da zai faɗa, idona yana biye da shi a baya a hankali, har suka haɗu a kan kalmar akuya. Na karanta.

A ƙasan gafakar na tarar da guntun alli, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na mayar da shi inda yake.