Abin da Aïssa Maïga ta tona mana

Mu ’yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu muna da wata al’ada da ba mu taɓa tuhumar kanmu a kanta ba. Kowane wasa, farar yarinya ce amarya, wadda ta fi duhun fata kuwa ’yar aiki. Sai da malaminmu na Faransanci ya ba mu labarin Aïssa Maïga muka ji kunya.

An haife ta a Dakar a 1975, ta girma a Faransa. Fim ɗin Bamako na 2006 ya kai ta takarar kyautar César. A 2018 ita da ’yan fim mata baƙaƙe 15 suka fitar da littafi kan yadda launin fata ke zaɓa musu rawar da za su taka. A 2021 kuma da kanta ta ba da umarnin fim kan wahalar ruwa a ƙauyen Tatiste, arewacin Nijar.

Bana gwaji muka yi. Wadda ta shekara uku tana shara a dandamali ita ta ci babbar rawa. Da muka sanar, sai ta ce, “Sai yau kuka gan ni?” Muka rasa amsa.