Nauyin da Ba a Gaya wa Moto Ba

Lokacin da malamin ya sayi motonsa a Maraɗi, saurayi ne, kuma ba ya ɗora masa kowa sai kansa daga Tasawa zuwa ƙauyen da aka tura shi koyarwa. Shekaru suka shuɗe. Ya yi aure, aka haifa masa ƴaƴa, mahaifinsa ya rasu, geron gidan Inna ya dawo wuyansa. Moton kuwa yana nan yadda ya fito daga kanti.

Alamu sun jima suna bayyana. In ya ɗauki mutum da dare, fitila sai ta riƙa haska rassan gawo ta bar hanya, gaban moton kuma ya yi sakayau cikin rairayi. Bai kula ba sai ranar da ya goya Inna zuwa gidan likita. Suka faɗa wani rami a hanyar burji, bayan moton ya nutse har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Tsohuwar ba ta ce uffan ba, ta dai damƙe rigarsa. Kwana uku ta yi tana salla a zaune.

Ya je wurin wani dattijon makanike da niyyar sayen sabon amortisar. Dattijon ya ce, "Mushe, riƙe kuɗinka, mu auna tukuna." Ya kafa moton bisa ƙafarsa ta tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa, ya auna da mitar tela daga ƙusar tsakiyar taya zuwa wani tabo a ƙarƙashin wurin zama: santimita 34. Aka sauke moton, malamin ya hau, yaron gareji ya zauna bayansa, aka sāke awo: 27. Ke nan moton ya cinye santimita 7 tun bai motsa ba, alhali bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na iyakar nutsewarsa ba. Sauran rabon ramukan hanya ne.

A gindin kowane murɗaɗɗen ƙarfe akwai zobe mai matakala biyar. Dattijon ya juya shi daga ta farko zuwa ta huɗu, hagu da dama daidai, don kada moton ya karkace. Ya ce wannan ba ya ƙara wa ƙarfen tauri, ɗaga bayan moton kawai yake yi ya tarbi nauyin da aka ɗora masa. Awo ya koma 31.

"Baba, nawa zan biya?"

"Na shayi ya isa. Ranar da za ka yi tafiya kai kaɗai, ka sassauta shi."

Malamin ya yi shiru yana lissafi, ya rasa ranar ƙarshe da ya hau moton shi kaɗai. Da Juma'a ta zagayo ya mayar da Inna ganin likita, ya bi ta ramin nan a hankali. A hanyar dawowa ita ce ta riƙa ba shi labarin farashin wake a kasuwa.