Masu Share Hawayen Matan Aure A Birnin Yerwa

Matafiyin da ya shigo Maiduguri ta hanyar Damaturu, itatuwan darbejiya ne za su fara yi masa maraba, jere reras a bakin titi. Galibin baƙi wucewa suke yi zuwa Kasuwar Monday ko ƙofar fadar Shehu. Kaɗan ne suka san cewa tun a Bulumkutu sun bar wani wuri a baya: cikin Asibitin Umaru Shehu akwai cibiyar Nelewa, wato lafiya da harshen Kanuri, wadda aka buɗe a 2018 domin mata da yaran da aka ci wa zarafi.

Aikin da ake yi a irin wannan wuri ya zama sana'a sosai a garin nan, kuma rikicin Boko Haram ne ya bunƙasa ta. Bayan ɓarkewarsa a 2009, mutanen Bama da Gwoza da Dikwa sun yi ta kwararowa sansanoni kamar Bakassi da Dalori. Magidancin da ya rasa gona da shanu ya wayi gari yana jiran rabon abinci, sau da yawa kuwa katin da sunan matarsa aka rubuta. Wani ya daure, wani ya huce a kanta. Ƙungiyoyin agaji suka ɗauki 'yan mata masu ilmi, suka koya musu yadda ake karɓar kukan irin waɗannan mata.

To, mene ne aikin? Mai karatu zai zaci kai miji kotu ne. A'a. Ma'aikaciyar takan fara da sauraro, da harshen da matar ke ji, Kanuri ne ko Hausa ko Larabcin Shuwa. Ta raka ta wurin likita, in kuma da fyaɗe a ciki, cikin awa 72, kafin lokacin maganin kariya daga ƙanjamau ya wuce. Sa'an nan ta shimfiɗa mata hanyoyi: bulama, ko alƙali, ko lauyoyin ƙungiyar FIDA, ko gidan iyaye. Matar ce mai zaɓe. Sirrinta kuwa amana ne, don kalma ɗaya in ta kai kunnen mijin, tana iya jawo dukan da ya fi na jiya. A ganina nan ne wuyar sana'ar take, domin kowa a gida haƙuri yake ba matar, ita ma'aikaciyar kaɗai aka hana ta faɗi haka, aka kuma hana ta ce "fito".

Doka ta zo daga baya. Ta tarayya mai hana cin zarafin mutane an sa mata hannu a 2015, Gwamna Babagana Umara Zulum kuma ya sa wa ta Borno hannu a Janairun 2022.

Amma a daidai wannan lokaci aka rufe sansanonin cikin gari, Bakassi a 2021, Dalori a 2022. A sansani bangon tamfol ne, maƙwabta na jin kuka, ɗakin ma'aikaciya kuma taku kaɗan ne. Yanzu waɗansu matan sun koma ƙananan hukumominsu, waɗansu sun watsu cikin unguwanni kamar Gwange, bayan katanga da ƙyaure. Dole ma'aikaciyar ta bi su, ta shiga da sallama kamar mai zuwa barka, ta jira har maigida ya fita.