Masu bin sawun tsuntsaye a Bauchin Yakubu

Wanda ya taso daga Kano ya biyo ta Ningi, duwatsu da itatuwa ne suke fara yi masa maraba da zuwa Bauchi. Zumunci ne ya kai ni, na sauka a Yelwa. Ɗan mai masaukina, ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana da wata al'ada: da an sallame asuba sai ya rataya madubin hangen nesa, ya ɗauki waya, ya shiga rubuta sunan duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa. Ko sisi ba a biyan sa.

Aikin na shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya ne, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, da ke dajin Amurum kusa da Jos, ta fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai ɗauki gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana zagaya shi, ya leƙa fadama da gona da tsauni da cikin unguwa, ya jera nau'o'in da ya gani bi da bi a manhajar BirdLasser, sannan ya tura.

Na zaci Yankari za mu nufa, tunda can ne aka san tsuntsaye sun haura nau'i 350. Sai ya ce, "Kawu, daga tsakar gida za mu fara." Muka zauna a gindin mangwaro, kusa da turmin da aka surfa dawa jiya da yamma. Kurciyoyi ne suka fara sauka, suna tsince tsabar da ta zube, suna kaɗa kai. Gwarare suka taru a ɗan ruwan da ya kwanta a wurin alwala, suna wanka suna fesa wa juna. Hasbiya biyu a kan kwano, jan da'irar idonsu a fili cikin madubi. Can bayan katanga cilakowa ta yi kuka, yaron bai ko ɗaga kai ba ya rubuta ta. Kafin a sauke koko mun ga hankaka da shirwa, ga balbela sun wuce a jere za su bi shanu. Duk na san su tun ina yaro, amma ban taɓa tunanin ganinsu labari ne da wani ke buƙata ba.

A Ingila tun 1979 ake irin wannan. Ƙarshen watan Janairun kowace shekara jama'a kan zauna awa guda a lambun gidajensu suna ƙirga abin da ya sauka, kuma wannan lissafi ya taimaka wajen nuna yadda gwaransu ya ragu ƙwarai. Su suna ajiye wa tsuntsaye abinci da gangan. Mu turmi da murhu da buta sun ɗauke mana wannan.

Abin da ya tsaya mini a rai a mahauta ya faru. Mun isa hantsi, ana fiɗa, ga jini ga tumbi, ga shirwa na shawagi, amma babu ungulu ko ɗaya. Yaron ya durƙusa ya gaida wani dattijon mahauci, ya ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin ungulu a nan?" Tsohon ya ajiye wuƙa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, da har kora muke yi. Wallahi ban san ranar da suka daina zuwa ba."

Wannan amsar ta dame ni, don ni ma haka zan ce game da Kano. Ungulun da ke share mana mushe kyauta, tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Ana kama ta ana sayar wa masu tsibbu, ana kuma kashe ta da guba. Ta ɓace a kan idonmu, kuma da yake muna ganin ta yi yawa, babu wanda ya damu ya rubuta. Shi ya sa nake ganin rubuta kurciya da gwara ba wasan yara ba ne. Shamuwar da ke zuwa da damina ta yi sheƙa a tsamiyar unguwa ma tana buƙatar mai lura da ita tun tana nan.

Muka ƙarasa zagayen ta wajen fadama, rana ta fara zafi. Yaron ya duba jerin ranar, ya tura shi yadda yake, babu ungulu a ciki. Ya ce rashinta ma shaida ce, muddin an je an duba.