Iri Nagari Ake Dasawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kudan ko Maƙarfi ko Ikara ba ya bukatar a fassara masa kalmar dashe. Tun yana ƙarami yake ganin ana renon irin tumatir da attarugu a bakin fadama, in sun yi ƙwari a tuge su a kai lambu. Yana kuma ganin yadda mai noman rake yake juya kara a hannu, ya duba idonsa, ya duba ko tsutsa ta huda shi, kafin ya yarda ya binne shi a gonarsa. Dalili kuwa shi ne, manomi ya san cuta takan bi iri, kamar yadda burtuntuna take bin irin dawa daga rumbu zuwa gona. Amma duk da wannan sani, ba a taɓa jin manomin da ya ce ya bar shuka don tsoron cutar iri ba. Abin da yake yi shi ne zaɓe.

Wannan tsohon ilmi na manoma shi ne wani gida a Taba ya sake koyo, ba a lambu ba, a asibiti. Babban ɗan gidan malamin firamare ne, shi ya sa kowa, har mahaifiyarsa, Malam yake ce masa. Ya shekara da shekaru da hawan jini, in ya ji ciwon kai ya sha magani, in ya ji sauƙi ya ajiye. Sannu a hankali ƙafafunsa suka soma kumbura, abinci ya fita ransa, fitsari ya ragu. Bayan an sha jiƙe-jiƙe da rubutu, aka kai shi Zariya, daga nan Shika, inda awo ya nuna cewa ƙodojinsa biyu sun gaza. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, wato injin da yake tace dattin jini a madadinsu. A ƙa'ida sau uku ake yi a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Gidan suka fara da biyu, suka koma ɗaya, domin kuwa kowane zama da kuɗinsa, ga kuɗin mota, ga na ƙarin jini. Shanun huɗa suka tafi, gonar bakin rafi ta shiga jingina.

Ran nan sai likita ya tara su ya gaya musu gaskiya: wanki jinkiri ne, ba warkewa ba ce. Abin da zai mayar da Malam aji shi ne dashen ƙoda, wato a ciro guda daga jikin mai lafiya a dasa masa, tun da yake Allah ya yi wa mutum biyu, kuma guda mai lafiya ta isa ta riƙe shi. Wannan aiki ba sabo ba ne. A watan Disamba na 1954 likita Joseph Murray ya yi nasarar dasa ƙoda tsakanin wasu tagwaye a birnin Boston na Amurka; wanda aka dasa wa ya ƙara shekara 8 a duniya, wanda ya bayar kuwa sai a 2010 ya rasu. A Nijeriya an fara a Legas a 2000, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002. Ashe ke nan ba lalle sai an haye teku ba.

Kafin likita ya rufe baki, autan gidan, manomin rake, ƙaƙƙarfa wanda bai taɓa kwana a asibiti ba, ya ce, "Yaya, in dai tawa za ta yi, a cire yau." Aka yi masa alƙawarin awo a Kano. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji da na ciki. Rukunin jininsa ya dace da na wansa, gida ya cika da murna. Bayan kwanaki sai aka kira shi shi kaɗai, aka ce masa ba za a karɓi tasa ba, domin an sami ƙwayar ciwon hanta, nau'in B, a jininsa. Ya ce, "Likita, ni fa ko zazzaɓi ba na yi." Likita ya ce, "Haka take, Malam. Takan zauna shekaru ba ta ce uffan ba. In muka dasa wa wanka ƙodarka, da ita za ta tafi." Ba shi kaɗai ba ne kuwa, domin binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna cewa wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Auta ya komo Taba ransa a ɓace, yana ganin kamar an ce da shi mai ƙazamin jini.

Labari ya isa kunnen Inna, sai hankalinta ya tashi ta wani gefe dabam. Ta ce, "Ashe ƙodar ma cuta take ɗaukowa? To, ku bar mini ɗa da ciwo ɗaya, kada ku je ku haɗo masa da na biyu." Ta rantse ba da yawunta ba.

Mai karatu kada ya yi gaggawar cewa tsoron tsohuwa jahilci ne, domin yana da tushe. Jikin ɗan Adam ba ya son baƙo. Da zarar an dasa masa naman wani, sai garkuwarsa ta tashi yaƙi da shi. Saboda haka tilas wanda aka yi wa dashe ya riƙa shan magungunan da suke kwantar da wannan garkuwa muddin ƙodar tana jikinsa. To, garkuwar da aka kwantar don kada ta kori baƙon kirki, ita ce kuma da za ta tare ɓarawo. Ƙwayar cutar da take zaune lafiya a jikin mai bayarwa, in ta sami kanta a gidan da ba mai gadi, sai ta yi yadda ta ga dama. Ta wannan hanya an ga ciwon hanta da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, har ma da ciwon daji jefi-jefi, sun bi gaɓa daga jiki zuwa jiki.

Misalan ba a ɓoye suke ba. A 2004, a jihar Texas ta Amurka, mutum huɗu sun rasu da ciwon haukan kare bayan an dasa musu sassan jikin mamaci guda. Sai daga baya aka ji cewa ya taɓa gaya wa abokansa jemage ya cije shi. A 2007, a birnin Chicago, mutum huɗu sun kamu da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C daga mamaci guda, alhali kuwa an auna jininsa ba a ga kome ba, saboda bai daɗe da kamuwa ba, awon da aka yi kuwa ba ya ganin cuta sai ta yi makonni a jiki. A 2024, a jihar Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil, mutum shida sun kamu da ƙanjamau saboda wani ɗakin awo mai zaman kansa ya ba da sakamakon da ba na gaskiya ba.

In aka dubi waɗannan uku da kyau, za a ga kowanne da ƙofar da cuta ta bi ta shiga. Na farko, labari ne bai isa kunnen likita ba. Na biyu, awo ne ya gaza. Na uku, amana aka ci. Ta biyun an rage faɗinta, domin akwai awon da yake neman ita kanta ƙwayar cutar a jini, wanda ya mayar da makonnin nan kwanaki. Ta farko da ta uku kuwa ba inji ne yake rufe su ba, sai gaskiyar mutane. Daɗin daɗawa, dukan misalan nan daga matattu aka ciro sassan, inda ake tsere da lokaci, mamaci kuwa ba ya amsa tambaya. A Nijeriya kusan duk dashen ƙoda daga rayayye ne, wanda ana iya zama da shi a tambaye shi, a auna, a jira, a sake aunawa. Ko a Amurka, inda ake ajiye lissafi, waɗanda cutar ba-zata take bin gaɓa ta kama ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Sai a ɗora wannan a ma'auni tare da halin mutumin da ya kamata a wanke sau uku a mako, ana wanke shi sau ɗaya. Haɗarin dashe mai yiwuwa ne. Na rashinsa kuwa gidan suna kallonsa kullum a kumburarriyar fuskar Malam.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga wani mutum ya tari Auta a bakin asibiti, ya ja shi gefe, ya ce in akwai kuɗi akwai yaro mai lafiya, a ce ɗan ƙanen babansu ne, shi ke nan. Auta ya kawo wa wansa maganar cikin ɗoki. Malam ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kai da ka zo don Allah, ka ce lafiyarka ƙalau, aka sami abin da aka samu. To, wanda yunwa ta koro, wanda ya san in ya faɗi gaskiya kuɗi sun wuce shi, me kake tsammani zai gaya wa likita? Aikin da aka fara da ƙaryar dangantaka, ina za a tsayar da ƙaryar?" Ya ce ba ya so. Hankalinsa kuwa ya yi daidai da doka, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki. Duniya ma ta ga inda irin wannan hanya take kaiwa a 2023, sa'ad da wata kotu a London ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda kai wani saurayi daga Legas don a cire masa ƙoda.

Wadda ba wanda ya kawo a ransa ita ce ta warware ƙullin, wato ƙanwar da take bin Malam, matar aure mai 'ya'ya biyar. Ba ta fara da gida ba, sai ta sa mijinta ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce manyan malaman fiƙihu na ƙasashen Musulmi sun zauna a Jidda a 1988, sun halatta mutum ya ba da gaɓar da rayuwarsa ba ta rataya a kanta ba, bisa sharaɗin yardarsa, da rinjayen amfani a kan cuta, kuma ba da ciniki ba. Da ta sami wannan, sai ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, awon nan da kike tsoro, ai shi ya hana a cuci Yaya. Da ba a auna Auta ba, da yanzu me ake ciki? Ki bar su su auna ni. In sun ga abu, na haƙura. In ba su gani ba, ki sa mana albarka." Inna ta daɗe tana jan carbi, daga bisani ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

A Kano an tambaye ta abin da ko mijinta bai taɓa tambaya ba: ko an taɓa yi mata ƙarin jini wajen haihuwa, ko wanzami ya taɓa yi mata ƙaho ko tsaga, ko ta taɓa tarin da ya daɗe, ko dabba ta taɓa cizonta. Ta so ta ce a'a ga na ƙarshe don kada a mayar da ita kamar ƙanenta, sai ta tuna cewa jikin wanta ne zai biya bashin. Ta ce kare ya taɓa cizonta a ƙwauri tana yarinya, karen maƙwabta ne, ya kuma rayu shekaru bayan haka. Likita ya rubuta, ya ce wannan ba kome, amma ta kyauta da ta faɗa. Shi ma bai ɓoye mata ba: fiɗa ce babba, a cikin masu bayarwa dubu goma akan rasa kamar uku, kuma dole ta riƙa duba hawan jininta har iyakar rayuwa. Aka kuma keɓe ta aka tambaye ta ko wani ne ya tilasta mata. Ta ce, "Shi ya kai ni makaranta a kan kekensa."

An yi aikin bayan girbin rake, da taimakon dangi da abokan aikin Malam. Ba a ce wahala ta ƙare ba. Maganin kwantar da garkuwa tsada gare shi, ba a kuma tsallake shi ko na yini guda. Malam ya bar shan ruwan da ba a tafasa ba, yana kwana cikin gidan sauro rani da damina, zazzaɓi kaɗan sai asibiti. Amma ya koma aji, yana tsayuwa gaban allo da ƙafafun da suke shiga takalmi. Ƙanwarsa ta koma sana'arta da tabo a kwiɓi. Auta kuwa, wanda ya ɗauka an wulaƙanta shi, yanzu likitan hanta yana duba shi. An auna matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su kamu ba an yi musu rigakafi. Awon da ya hana shi ba da kyauta shi ne ya tona masa maƙiyin da yake kwance a cikinsa.

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. A sha'anin dashe maganganun biyu tare suke tafiya. Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da suke da mai ciwon ƙoda a kwance, da 'yan'uwa masu lafiya a tsaye, tsoro da jita-jita sun shiga tsakani. Abin da ake nema ga mai lafiya shi ne ya miƙa hannu a auna shi, ya faɗi gaskiya ko da za ta sa a mayar da shi. Abin da ake nema ga masu awo da masu fiɗa shi ne su riƙe amana, hukuma kuma ta sa musu ido. In an yi haka, an yi abin da manomin Taba yake yi da karan rake kafin ya binne shi, saura kuma sai a bar wa Mai ruwa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu bayarwa da alheri, amin.