Makarantu Uku a Kan Teburin Shago

A can ƙuryar shagon kayan gyaran motoci na mahaifinsa, a Damagaram, akwai wani ɗan teburi da ake ajiye littafin bashi a kansa. A nan saurayin ya shafe kusan wata biyu yana juya takardun makarantu uku na ƙasar Japan, waɗanda ya sa aka buga masa daga intanet. A lokacin, kalmomin Japananci da ya sani ba su wuce na gaisuwa da godiya ba.

Dalilinsa ba mai nisa ba ne. Tun yana yaro yake ganin injuna da akwatunan giya na Toyota suna isowa shagon ta hannun dillalan Dubai, wasu da takardu manne a jikinsu, an rubuta su da haruffan da babu mai iya karantawa a duk layin. Abin da dillali ya ce shi ake ɗauka. Burinsa shi ne ya koyi harshen, ya shiga makarantar koyon sana'ar kanikanci a can, ya dawo yana karanta takardar da idonsa. Mahaifinsa ya yi shiru a kan maganar har tsawon damina guda, sannan wata rana bayan la'asar ya ce zai sayar da filin da ya saya tun shekarun baya. Da yake shi ne ɗan fari, uban ba ya kama sunansa. Cewa kawai ya yi: "Kai, filin ɗaya ne. Ka duba da kyau inda za ka zuba shi."

Makaranta ta farko tana tsakiyar Tokyo, kuma ita ce ta fi kyawun hotuna. Ta biyu tana Fukuwoka, babban birnin da ke arewacin tsibirin Kyushu. Ta uku kuwa kwas ne na wata uku, wanda ake yi da bizar ɗan gajeren zama ta kwana 90. Ita ce ta fara fita daga lissafi, ko da yake ta fi sauƙin kuɗi. Mai wannan biza ba shi da izinin yin aiki, kuma wata uku ba za su kai mai farawa ko'ina kusa da ƙofar makarantar sana'a ba. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci, wadda ake kira JLPT, tana da matakai biyar, daga N5 na ƴan koyo zuwa N1 na gwanaye, ana yin ta a watan Yuli da na Disamba. Makarantun sana'a da jami'o'i galibi matakin N2 suke nema daga baƙo. Mai neman wannan mataki daga tushe, bizar ɗalibi yake bukata, wadda ke ba shi damar zama a makarantar harshe har shekara biyu idan ya fara a watan Afrilu.

Sai ya rage saura biyu, zuciyarsa kuma tana Tokyo. Wani dillalin karatu da ya same shi ta WhatsApp ya ƙara masa ƙaimi: ya ce kada ya damu da kuɗi, aiki yana nan birjik, cikin ƴan watanni zai mayar da kuɗin filin. Saurayin ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi irin na ɗan shago. Doka ta ba ɗalibi baƙo damar aiki awa 28 a mako, bayan ya karɓi izini daga hukumar shige da fice. Idan ana biyan wajen yen 1,000 a awa, abin da zai samu a wata bai wuce yen dubu ɗari da ƴan kai ba. Daga ciki za a fitar da hayar ɗaki, da abinci, da kuɗin jirgin ƙasa, da inshorar lafiya. Kuɗin makaranta kuwa na shekara guda yakan kama tsakanin yen 700,000 da 900,000, wato wajen sefa miliyan uku. Albashin awa a Tokyo ya fi na sauran wurare, amma hayarta ma ta fi. Ga kuma abin da dillalin bai faɗa ba: makarantu suna rubuta zuwan ɗalibi kullum, kuma hukuma tana duba wannan rajista kafin ta sabunta masa biza. Wanda ya kwana yana aiki a masana'antar haɗa abinci ya dinga makara, yana iya rasa karatun da zaman gaba ɗaya. Daga ranar bai sake amsa saƙon mutumin ba.

Kawunsa ne ya karkatar da shi zuwa ga tambayar da ta fi muhimmanci. Tsohon malamin lakwal ne, ya koyar da Faransanci ga yaran da ba su taɓa jin sa a gida ba. Ya jawo takardun, ya duba hotunan, ya ture su gefe.

"Ɗana, waɗanda za ka zauna da su a ajin, su wane ne?"

"Kawu, ai duk ƴan koyo ne irina."

"Ɗan koyo iri-iri ne. Ka tambaya."

Tambayar tana da tushe. Japananci ana rubuta shi da tsarin rubutu uku a haɗe. Hiragana da katakana kowanne yana da alamomi 46 na asali, kowace alama tana wakiltar gaɓa, kuma mai himma yana iya haddace su cikin ƴan makonni. Na ukun shi ne kanji, alamomin da aka aro daga Sin, waɗanda ke ɗauke da ma'ana kuma kowace kan iya samun karatu fiye da ɗaya. Jerin da gwamnati ta amince da shi a 2010 don amfanin yau da kullum yana da alamomi 2,136. Ɗalibin da ya zo daga Sin ko Taiwan ya riga ya san siffa da ma'anar mafi yawansu tun daga firamare. Furuci da nahawu ne sabo a gare shi. Idan irinsa ne suka fi yawa a aji, dole saurin malami ya bi nasu, kuma wanda bai taɓa jan layi ɗaya na kanji ba zai wayi gari yana bin ƙurar da suka tayar.

Ya rubuta wa makarantun biyu wasiƙa iri ɗaya da Turancin Ingilishi, da tambayoyi huɗu. Daga waɗanne ƙasashe ɗaliban ajin farko suke? Akwai aji na daban ga waɗanda ba su san kanji ba? Da wane littafi ake koyarwa, kuma cikin wata nawa ake gama shi? Waɗanda suka gama bara, ina suka tafi? Ta Tokyo ta amsa cikin ladabi cewa yawancin ɗalibanta ƴan Sin ne masu shirin shiga jami'a, kuma tana gama matakin farko cikin hanzari. Ba ta ɓoye komai ba. Makaranta ce mai kyau ga waɗanda aka gina ta dominsu. Ta Fukuwoka ta ce ɗalibanta sun fi yawa daga Nefal da Biyetnam, tana ware darasin kanji kullum daga tushe, kuma da dama daga cikin waɗanda suka gama makarantun sana'a suke wucewa. Dukansu biyu suna amfani da Minna no Nihongo, littafin da ya fara fitowa a 1998, mai darasi 50 cikin kundi biyu. Littafin Japananci ne zalla, amma yana da abokin tafiya mai bayanin nahawu a harsuna daban-daban, har da Faransanci. Wannan ya kwantar masa da hankali, domin a aji malami da Japananci kaɗai yake magana tun ranar farko.

Sauran abubuwan doka ce ta daidaita su, don haka bai ɓata lokaci a kansu ba. Makarantar da aka yarda ta karɓi masu bizar ɗalibi ba ta wuce mutum 20 a aji, darasi kuma galibi rabin yini ne, safe ko yamma, kwana biyar a mako. Ya dai tabbatar cewa sunanta yana cikin jerin da hukuma ta amince da su. Ya duba batun ɗakin kwana, domin mai kama hayar kansa a Japan yakan biya kuɗin ajiya, wani lokaci har da kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a mayarwa. Ya kuma nemi inda zai yi sallar Juma'a, ya tarar Fukuwoka tana da masallaci tun 2009.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya tsaya masa a gaba. Makarantar ta nemi shaidar cewa ya yi karatun Japananci na awa 150, ko ya ci jarrabawa daidai da N5, kafin ta miƙa takardunsa ga hukumar shige da fice. Da farko ya ɗauka shinge ne aka gindaya masa. Daga baya ya ga alherinsa, domin a cikin waɗannan awanni ne ya gano cewa bai zo wa harshen hannu rabbana ba.

Ya yi rajistar darasi ta intanet, kuma a mako na biyu malamar ta tsaya a kan abin da ta ce yana wahalar da baƙi. Obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka. Tsawon wasali ne kawai ya raba su. Kite na nufin "zo", kitte kuwa kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Nan baƙi ne aka ninka. Hashi na iya zama gada ko sandunan cin abinci, gwargwadon inda murya ta hau da inda ta sauka. Saurayin ya yi murmushi. Kunnen da ya saba raba gari na mutane da garin tuwo, ya raba baba da babba, ya raba kukan yaro da kukar miya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa Bahaushe da yawa bai san yana riƙe da wannan dukiya ba sai ranar da wani harshe ya nema. Ko zuwan aikatau a ƙarshen jimla bai ba shi tsoro ba, domin haka kakarsa ta wajen uwa take jera maganarta da Barbarci. Amma bai yaudari kansa ba. Kunne ba ya rubuta kanji, kuma a nan ba shi da gadon komai.

Sai dai yana da wata tsohuwar al'ada. Ya ɗauko allon da ya yi karatu da shi yana yaro, ya dama tawada, ya dinga rubuta alamomi biyar kowace asuba yana bin tsarin jan layukansu, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Idan sun zauna sai ya wanke ya sake. Ƙannensa suka riƙa leƙowa suna dariya. Mahaifinsa ya wuce sau biyu bai ce komai ba. A karo na uku ya tsaya, ya nuna wata alama mai kama da akwati da sanda ta ratsa shi, da layi a sama da ƙasa.

"Wannan fa?"

"Mota ce, Baba. Kuruma suke cewa."

Dattijon ya daɗe yana kallon ta. Ya san ta. Ya sha ganin ta a kan takardun da ke manne da injuna, shekara da shekaru, bai taɓa sanin tana magana ba.

A watan Oktoba aka haɗa takardu: shaidar karatu, bayanin asusun banki na mahaifin, takardar haihuwa da ke tabbatar da dangantakarsu, da wasiƙar da ya bayyana dalilin tafiyarsa. Makarantar Fukuwoka ta miƙa su. Amsar hukuma ga masu shiga a Afrilu takan fito wajen ƙarshen Fabrairu, kuma sai takardar cancanta ta fito ake biyan kuɗin shekara a nemi biza. Ba kowa ake ba wa ba. Filin dai an riga an yi cinikinsa, kuɗin suna banki. Takardun makarantu biyun da ya bari suna ƙarƙashin littafin bashi, allon kuma yana jingine da ƙafar teburin, da alamomi biyar na wannan safiyar ba su gama bushewa ba.